BABBAƘU A TSAKAR GIDA: KOYA WA ƘANANAN YARA HARUFFA TA HANYAR WASA

 

Darasinmu na wannan mako ya shafi wani hakki na 'ya'ya wanda yawancinmu muka ɗora wa malamin allo da malamin firamare gaba ɗayansa, watau gabatar da ƙaramin yaro ga haruffa. Mu nan Dudunni da ƙauyukan Kusada da Kankiya, yaro yakan kai shekara biyar ko shida bai taɓa riƙe alƙalami ba. Rana ɗaya sai a kama hannunsa a kai shi makaranta, ya tarar da baƙin allo da bulala a lokaci guda. Wanda ya fara sanin harafi cikin kuka yakan daɗe bai so shi ba. Hausawa sun ce karatu farkonsa maɗaci, to amma babu dalilin da zai sa iyaye su bari ɗacin ya wuce kima.

Lamarin kuwa ba ƙarami ba ne. Rahoton da Bankin Duniya da wasu hukumomi suka fitar a 2022 ya ƙiyasta cewa a ƙasashen Afirka da ke kudu da Sahara, yara kusan 9 cikin 10 suna kai shekara goma ba su iya karanta ɗan gajeren labari su fahimce shi ba. Da yawa cikinsu suna zuwa makaranta. Abin da ya kuɓuce musu shi ne tushe, tushen kuwa shi ne sanin harafi da sautinsa.

Matsayin harafi a Musulunci

Wahayin da ya fara sauka, farkon Suratul Alaƙ, umurni ne da karatu, kuma an ambaci alƙalami a cikinsa. Bayan yaƙin Badar, a shekara ta 2 bayan Hijira, fursunonin Makka waɗanda suka iya rubutu amma ba su da dukiyar fansa, an sanya fansarsu ta zama koya wa yaran Madina rubutu, kowane ɗaya yara goma. Imam Tirmizi kuma ya ruwaito hadisin da ke nuna cewa ladan karatun Alƙur'ani harafi harafi ake lissafa shi, kowane harafi da lada goma. Saboda haka uwar da ta zauna ta nuna wa ɗanta bambancin ba da ta, ta sa hannu cikin duk abin da yaron zai karanta har ƙarshen rayuwarsa.

Shin wasa ya dace da karatu?

Wasu iyaye suna ganin haɗa wasa da karatu raina ilmi ne. Malamai magabata ba su tafi a kan haka ba. Ya tabbata a Bukhari cewa Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, tana wasa da 'yan tsana tare da ƙawayenta a gidan Annabi, bai kuwa hana ta ba. Imam Gazali, wanda ya rasu a 505 bayan Hijira, ya yi bayani a Ihya'u cewa ya kamata a bar yaro ya yi wasa mai kyau bayan ya taso daga makaranta, domin hana shi wasa da matsa masa da karatu kullum yana kashe masa zuciya, ya dushe masa basira, har ya shiga neman dabarar gudun karatun ɗungum. Ibn Haldun ma, wanda ya rasu a 808, ya keɓe fasali a Muƙaddima yana nuna cewa tsanani yana cutar da ɗalibai, musamman ƙanana, yana koya musu ƙarya da kasala. A cikin malaman Malikiyya kuwa, Muhammadu ɗan Sahnun na Ƙairawan, wanda ya rasu a 256, ya rubuta littafi a kan ladubban malaman yara, ya iyakance duka, ya hana malami ya yi shi cikin fushi.

Daɗin daɗawa, salla ita ce ginshiƙin addini, amma hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito ya sanya umurni da ita a shekara bakwai, horo a kanta kuwa sai a shekara goma. To, ina hujjar wanda zai mari ɗan shekara huɗu domin ya manta jim?

Kakanninmu sun riga mu

Wanda ya duba sunayen da makarantar allo ta raɗa wa haruffa zai ga cewa malamanmu na dā sun san halin yaro sarai. Ainin da ke farkon kalma suka kira ta an baki wofi, domin ta yi kama da bakin da aka wangale. Ta tsakiyar kalma suka ce an likkafa, ga ta kuwa kamar likkafar sirdi. Ɗigo suka kira ruwa, shi ya sa ake cewa ha mai ruwa. Ga ɗa mai hannu, ga ba guje, ga lam jaye da min jaye, ga jim ƙarami koma baya. Kowane suna hoto ne da aka ɗauko daga abin da yaron ƙasar Hausa ya sani. Sannan suka shirya karatun hawa hawa: babbaƙu tukuna, watau haruffa tsurarsu, sa'an nan farfaru, watau haruffa da wasulla, sa'an nan tattashiya. Abin da ake nema a gida shi ne a ɗauki wannan hikima a saukar da ita daga baki zuwa hannu, yaro ya taɓa harafin, ya gina shi, ya rushe shi, ya sake ginawa.

Ko a Turai abin da suka gano ke nan. Wata likita 'yar Italiya, Mariya Montesori, ta buɗe makarantar ƙananan yara a birnin Rum a 1907, inda take yanka haruffa daga takarda mai kaushi, yara suna bin su da yatsa suna faɗin sautinsu kafin su riƙe fensir. Kayan irin wannan makaranta yau tsada gare su, alhali kuwa makamantansu suna zube a tsakar gidanmu.

Kayan wasan da ba a saye

Na farko, rairayi. A tankaɗe shi a zuba a faifai ko tsohon tire. Uwa ta zana harafi ɗaya babba da yatsa, ta faɗi sautinsa, yaro ya bi sawun yatsarta. In ya karkace, sai a girgiza faifan a sake, babu abin da ya ɓaci.

Na biyu, yumɓu. Yaranmu sun saba gina shanu da tukwane da laka. A murza ta kamar igiya a lanƙwasa ta zama dal, ko ra, ko nun, a shanya a rana. Cikin 'yan makonni yaro zai tara haruffansa a kwando, nasa na kansa, ya riƙa baje su yana kira.

Na uku, karan dawa. Yaron da ya iya ƙera mota da ɓawon kara da totuwarsa ba zai kasa ƙera alu, ko lam, ko haruffan boko masu miƙaƙƙun layuka irin su A da E da T ba. Wannan aiki ne da ya dace da yayye, su yi wa ƙannensu.

Na huɗu, 'ya'yan tsamiya ko na dabino, kuma wannan shi ne wasan da ya fi amfani ga haruffan Larabci. Haruffan 28 ne, amma da yawansu jikinsu ɗaya, ɗigo ne kaɗai ya raba su. A gina jiki ɗaya mai kama da kwale-kwale, a ba yaro ƙwayoyi uku. Ya sa ɗaya a ƙasa ya zama ba, biyu a sama ta, uku a sama harafin da makarantar allo ke kira ca. Haka jim da 'yan'uwansa biyu, haka dal da zal, ra da zaira, sin da shin. Tarihi ma ya nuna cewa rubutun Larabci na farko ba ya ɗauke da waɗannan ɗigogi a kai a kai, sai a zamanin Banu Umayya aka daidaita su, ana jingina aikin ga Nasru ɗan Asim da Yahaya ɗan Ya'amar, domin a kawar da irin ruɗewar da yaro ke yi a yau. A kula dai, kada a bar ɗan ƙasa da shekara uku da ƙananan ƙwayoyi, domin yana iya haɗiye su ko ya cusa a hanci.

Na biyar, wasan kama hannu. Yara su jeru, kowa ya riƙe harafi ɗaya, su kama hannun juna kamar yadda haruffa ke haɗuwa a kalma. Masu riƙe da alu, dal, zal, ra, zaira da wau su karɓi hannun na gabansu, su ƙi miƙa wa na bayansu. Yaron da ya yi wannan wasa ba zai sha wahalar gane abin da ya sa kalma ke yankewa a tsakiya ba.

Na shida, farautar sauti, wadda ba ta bukatar komi. Uwa tana aiki ta ce, "Wa zai kawo mini abin da ya fara da ba?" A kawo buta. "Ta fa?" A nuna tabarma. Kunne ne ke fara karatu kafin ido.

Abubuwa huɗu da za a kiyaye

Na ɗaya, ladabi. Harafi ɗaiɗai ake wasa da shi. Ba a rubuta sunan Allah, ko na Annabi, ko aya, a rairayi ko a jikin abin da zai faɗi a taka. Wurin ya zama mai tsabta, a share da hannu, kada a sa ƙafa. Ɗan Sahnun ya kawo labarin cewa tun zamanin Halifofi yara suna wanke allunansu da ruwa mai tsarki a mazubi na musamman, sa'an nan a haƙa rami a zuba. Girmama rubutu darasi ne da ake koya tare da harafin farko.

Na biyu, iyaye su san irin rubutun makarantar da yaron zai shiga. Makarantar allo tana bin rubutun Magariba da riwayar Warshu, inda fa take da ɗigo ɗaya a ƙasa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama. Yawancin Islamiyyu kuwa suna bin rubutun Gabas da riwayar Hafsu, inda fa take da ɗigo ɗaya a sama, ƙaf biyu. Ka ga harafi mai ɗigo ɗaya a sama, a can ƙaf ne, a nan fa ne. Duka biyu ingantattu ne, amma a fara wa yaro da guda har ya zauna masa.

Na uku, furuci. Akwai haruffan Larabci da babu irin sautinsu a Hausa, kamar aini da sodi da lodi. Dubi yadda harshenmu ya mai da lodi ta zama lam a kalmomin alƙali da alwala da farilla. Wannan ya yi daidai a Hausa, amma karatun Alƙur'ani yana bukatar mafitar harafin ta asali. Uwa ta fara da sautukan da muka yi tarayya da Larabawa a kansu, masu wuyar kuwa ta nuna siffarsu, ta nemi mai tajwidi ya gyara furucin.

Na huɗu, boko. Takardun haruffa masu hotuna da ake sayarwa a kasuwa an yi su ne domin yaran da Turanci ne harshen gidansu. Yaronmu zai ga hoton kare a ƙarƙashin D, hoton kyanwa a ƙarƙashin C, ya rasa abin da ya haɗa hoton da harafin. Gara a samu kwalin da aka jefar a yi na gida: A akuya, B buta, Ɓ ɓera, D doki, Ɗ ɗaki, K kaza, Ƙ ƙofa. Haruffa masu ƙugiya, waɗanda suka shiga rubutun Hausa a shekarun 1930, su ne ke raba baki da baƙi, kafa da ƙafa. Kuma kada a haɗa boko da Larabci a zama ɗaya, tun da ɗaya daga hagu yake farawa, ɗayan daga dama. A ba kowane lokacinsa da kwandonsa.

Game da wayar hannu kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2019 cewa kada a zaunar da ɗan ƙasa da shekara biyu gaban allon waya ko talabijin, ɗan shekara biyu zuwa huɗu kuma kada ya wuce sa'a ɗaya a yini. Waya tana iya rera haruffa, amma ba ta jin kuskuren yaro balle ta gyara masa.

Uwar da ba ta yi karatu ba fa?

Wannan tambaya ce ta gaskiya a ƙauyukanmu, amsarta kuwa tana wuyan maza. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zargi malaman zamaninsa a littafinsa Nurul Albabi saboda barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci alhali suna karantar da ɗalibai a waje. 'Yarsa Nana Asma'u ta kafa tsarin 'yan taru, tana tura jajjoji ƙauyuka suna karantar da mata a gidajensu. Maigida ya koya wa iyalinsa harafi biyu a mako, su kuma su koya wa yara. Cikin mako 14 an gama haruffa 28, uwa da ɗa sun tashi tare. In shi ma bai iya ba, ga yayyen da ke zuwa makaranta, ga maƙwabta.

Kada zama ya wuce minti goma, kuma a tashi tun yaro bai gaji ba. A yabe shi in ya dace, in ya kuskure a maimaita masa daidai ba tare da tsawa ba. Kada a gwada shi da ɗan wani, domin yara ba sa fara tafiya rana ɗaya, haka kuma karatu. Mace da namiji duka a zaunar da su. Da yayyafi kogi kan cika.

Allah Ya shirya mana zuriyarmu, Ya buɗa ƙwaƙwalensu, Ya sa su zama masu karatu da aiki da shi, amin.