Nasiha Ga Ɗalibi Ɗan Kokawa

Ya kai ɗalibin jami'a mai kokawa, ka sani cewa tsoka, wadda ita ce garkuwarka ranar da ƙirji ya gamu da ƙirji, ta fi ginuwa idan an cika sharuɗɗa uku: ɗaga ƙarfe kana ƙara nauyi sannu a hankali, da cin wake da ƙwai da kifi gwargwadon giram 1.6 na furotin ga kowane kilo na nauyinka kullum, da barcin awa 8. Idan lokacin gasa ya kama, ɗaga ƙarfe sau 2 a mako ya wadatar wajen riƙe abin da ka tara. Ka nisanci allurar ƙara ƙarfi, domin tana lahanta hanta da zuciya. Jikinka amana ne, ka kiyaye shi.