Sayen Gona Domin Tsuntsaye Da Namun Daji

A ƙasar Amurka akwai wata al'ada wadda in aka gaya wa manomin Kiyawa ko na Jahun zai ce tatsuniya ce. Gwamnati ce takan ɗauki kuɗi ta tafi wurin manomi, ta yi cinikin gonarsa, ta biya shi, sa'an nan ta bar gonar haka nan ba huɗa ba shuka. Dalili kuwa shi ne don agwagin ruwa su sami wurin sauka da yin ƙwai, mutanen birni kuma su sami inda za su je shan iska da kallon tsuntsaye ran da babu aiki.

Ga yadda ake samun kuɗin. A cikin 1934 aka kafa doka a can, cewa duk maharbin da ya kai shekara 16, in yana son harbin agwagin ruwa, sai ya sayi wani irin kan sarki kowace shekara. Da fari dala ɗaya ake sayensa, a cikin 2015 aka mai da shi dala 25. Kusan dukan abin da aka tara ana zuba shi ne wajen sayen fadamu da tafkuna, har ya zama an tsare ƙasa fiye da eka miliyan 6 ta wannan hanya. Watau maharbi shi ke biyan kuɗin gidan abin da yake harbi.

Amma abin da ya fi dacewa manomi ya lura da shi ba sayen ba ne. Tun wajen 1958 sun gane ba kowane mai gona ke son rabuwa da gonar gado ba, sai suka fito da wata dabara. Ba a sayen gonar, alkawari ake saye. A zo a auna tafkin da ke cikin gonar mutum, a biya shi kuɗi, shi kuwa ya sa hannu cewa ba zai janye ruwan tafkin ba, ba zai cike shi da ƙasa ba. Gona tana nan hannunsa, yana nomanta, 'ya'yansa su gāje ta, sai dai alkawarin yana bin gonar ko wa ya saye ta. Kuma ba a tilasta wa kowa, wanda ya ƙi ciniki a wuce shi.

To, a ƙasar Dutse fa? Ita ma tana bukatar irin wannan tanadi, gama daji ya yi ƙaranci. Daga Dutse zuwa Kiyawa, daga Jahun zuwa Ringim, gona ce ke bin gona. Saurar da dā akan bari ta huta shekara uku ko huɗu, yanzu ba mai iya barinta ko damina ɗaya, don kuwa gandun da mutum guda ya noma jiya, yau jikoki goma ke rabonsa. Dattawa sukan ba da labarin barewa da gada da gwanki a jigayin da yanzu gero da gyaɗa da riɗi suka rufe. Yaron yau in ya ga zomo ko fakara ya ga naman daji ke nan. Tun ran 27 ga Agusta 1991, da aka cire Jigawa daga Jihar Kano aka mai da Dutse hedkwata, garin yake cin gonakin da ke kewaye da shi. Ofisoshi da gidajen ma'aikata sun ci nasu, jami'ar Gwamnatin Tarayya da aka kafa a 2011 ta ci nata.

Keɓe daji ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Tun kafin zuwan Turawa kowane gari yana da huruminsa, akwai burtali, akwai mashaya, ba mai sa musu garma. Turawa suka zo da dokar daji, wadda aka sabunta a cikin 1937, En'e ta yi ta yanka gandun daji tana sa malaman daji su tsare. A 1956 aka keɓe Yankari a ƙasar Bauchi, aka buɗe ta ga masu kallo a 1962. Gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar namun daji a 1963, ta yi ta wuraren kiwo a 1965. Akwai wani abu mai kyau a cikin tsohuwar dokar daji wanda ya kamata a tuna da shi. Kafin a tabbatar da gandu, sai an naɗa ma'aikaci ya bincika, ya ji ta bakin mutanen wurin, ya rubuta hakkin da suke da shi a cikin dajin, kamar ɗiban itacen wuta, da tsintar 'ya'yan itace, da bin hanya zuwa ruwa. Abin da aka rubuta ya zama nasu ko bayan an kafa iyaka. Ba ko'ina aka bi wannan da gaskiya ba, amma dai yana cikin doka.

Wurin da ya fi kowane suna a Jigawa shi ne Baturiya, cikin Ƙaramar Hukumar Kirikasamma, gabas da Haɗeja. Daji ne na bagaruwa da goriba, da tafkuna waɗanda kogin Kafin Hausa ke cikawa in ya yi ambaliya. Yanki ne na babbar fadamar nan ta Haɗeja da Nguru, inda aka ƙidaya tsuntsaye fiye da iri 300. Akwai 'yan gida, irin su dinya da kirinjijiya da zalɓe da belbela. Akwai kuma baƙi waɗanda ke tasowa daga ƙasashen Turai in sanyi ya kama can, su ƙetare Sahara, su sauka nan da kaka, su yi ɗari, su koma kafin bazara ta ƙare. Saboda waɗannan baƙi ne ƙungiyoyin kiyaye tsuntsaye na Ingila da na Nijeriya suka fara aiki a fadamar a 1987, har mijin Sarauniyar Ingila, Yarima Filib, ya ziyarci Dagona a 1989. Akwai wata yarjejeniya ta tsare fadamu da ƙasashen duniya suka ƙulla a garin Ramsar na ƙasar Iran a 1971. An sa tafkin Nguru cikin lissafinta a 2000, an sa Baturiya a 2008, da faɗin hekta 101,095, watau wajen eka 250,000. A 2020 kuma Gwamnatin Tarayya ta amince a mai da wurin gandun namun daji na ƙasa, tare da Falgore ta Kano da waɗansu takwas.

Duk wannan a takarda ya yi kyau. Amma tsakanin hanyar Amurka da ta nan akwai bambanci babba, kuma a kan manomi bambancin yake faɗawa. A nan Gwamnati ba ta sayen ƙasa, gama bisa doka ƙasar tana hannunta tun dā. Haka Turawa suka tsara wa Arewa a 1910, haka dokar 1962 ta maimaita, haka kuma dokar ƙasa ta 1978 ta shimfiɗa wa Nijeriya duka. Ƙasar kowace jiha amana ce a hannun Gwamna, abin da manomi ya mallaka shi ne izinin zama da aiki a kanta. In bukatar jama'a ta taso, Gwamna yana da ikon soke wannan izini. Diyyar da doka ta yanka kuwa ba kuɗin ƙasa ba ne, kuɗin abin da ke bisanta ne, watau gini, da rijiya, da shuka, da itatuwa masu amfani. Saboda haka mutumin da aka karɓe masa gonar jigawa da rani, ba kara ba itace, abin da zai samu ba zai saya masa wata ba.

Daga nan rigima take farawa. Wanda aka raba da gonarsa bai yarda ba, ba ya zama abokin gandu. Shi ne zai shiga da dare da gatari, shi ne zai matsar da turken iyaka taku goma kowace damina, in ya ga mai farauta da tarko ya kau da kai. Malamin daji ɗaya da keke ko babur ba zai iya tsare dajin da ƙauyuka ashirin suka kewaye ba, in mutanen ƙauyukan ba su so. Ba kuma a ce manomi ba shi da hujja ba. Tsuntsun da ke jawo baƙo daga Turai ba shi ne ke damunsa ba, jan-baki ne, wanda ke kwana cikin kacalla ya wayi gari a kan shinkafa da dawa. Biri da gadu kuma ba su san iyakar gandu ba. In riba ta tafi birni, ɓarna ta tsaya ƙauye, ba wa'azin da zai gyara.

Akwai kuma abin da ko an sayi ƙasa da kuɗi ba a saye shi ba, shi ne ruwa. Fadamar Haɗeja ba ruwan saman wurin ke rayar da ita ba, ruwan kogi ne da ke gangarowa daga ƙasar Kano ta Wudil da Ringim, da na kogin Jama'are daga wajen Jos. Da aka gama madatsar Tiga a 1974, ga kuma farin shekarun 1970 da 1980, ambaliyar ta ragu ƙwarai. Aka ƙara madatsar Challawa a 1992. Dā ruwa yakan zo da ƙarfi da damina, ya malale fadama, ya janye da rani, a bi sawunsa da shuka. Yanzu ana sakinsa kaɗan kaɗan duk shekara, wannan kuwa shi kacalla ke so. Ta toshe hanyoyin ruwa, wani wuri ya nutse, wani ya bushe. Masana da suka yi lissafi a farkon shekarun 1990 sun tarar ruwan da aka bari ya malala fadama, in an haɗa shinkafa da kifi da kiwo da itacen wuta, ya fi kawo amfani bisa ga wanda aka tare don noman rani a sama. A wannan magana bukatar masunci da ta manomin fadama da ta dinya duk ɗaya ce.

Dabarar nan ta sayen alkawari ita ta fi kama da abin da zai yiwu a tsakiyar Jigawa, inda ba sauran fili mai faɗi da za a yanka. Shaida tana nan kusa, a ƙasar Maraɗi. Tun wajen 1983 manoman can suka fara barin tohon kututture a gonakinsu maimakon sassabe shi, su zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi su datse sauran. Abin bai kankama ba sai da manomi ya tabbata itacen da ya raina nasa ne, malamin daji ba zai ci shi tara a kansa ba. Da ya tabbata, gawo da kalgo da sabara suka komo a kan ƙasa wajen hekta miliyan 5 a kudancin Nijar. Ba a karɓi gonar kowa ba. Gawo kuwa kowane manomi ya san halinsa, yana zubar da ganye da damina, gero ya yi kyau a gindinsa, da rani ya ba awaki abinci ya ba tsuntsu wurin sheƙa.

Inda ya wajaba a karɓi ƙasa ɗungum, kamar wurin shaƙatawa na mutanen Dutse, hankali shi ne a fara da wadda garma ba ta so. Duwatsun da garin ya ci sunansu suna nan, da kwazazzabai da gindin dutse inda shuka ba ta yin kirki. A Birnin Kudu akwai duwatsu masu zanen shanu na mutanen dā, waɗanda aka bayyana wa duniya a shekarun 1950, sun isa a kai yaran makaranta su gani. Irin waɗannan wurare in an keɓe su tun yanzu da araha za a same su. In aka jira sai an yanka su fuloti, kuɗin da zai sayi eka goma yau ba zai sayi ɗaya ba.

Manomin da ya ji ana maganar keɓe daji kusa da gonarsa kuwa, akwai abin da ya kamata ya yi tun kafin masu awo su iso. Ya tafi da mai unguwa da maƙwabtansa na gabas da yamma su zaga iyakar gonar, kowa ya gani. Ya ƙirga itatuwansa ɗaya ɗaya, kuka nawa, tsamiya nawa, ɗorawa nawa, dabino da mangwaro nawa, a rubuta, dagaci ya sa hannu, gama itacen da ba a rubuta ba ba a biyansa. In ba shi da takardar gona ya nema a Ƙaramar Hukuma, doka ta ba ta ikon ba da izinin noma har hekta 500, na kiwo har hekta 5,000. Mutanen gari kuma su taru su faɗi hakkinsu a cikin dajin tun ba a kafa turke ba: hanyar mashaya, da burtalin Fulani, da yankan kaba, da su a tafki, da watan da za a yi kowanne. Su tambaya ko za a ɗauki 'ya'yansu aikin gadi, su tambaya ina rabon gari cikin kuɗin shiga da masu kallo za su biya, su roƙa a rubuta amsar a karanta musu da Hausa.

Lokacin da ya fi dacewa da zagayen iyaka da ƙirgar itatuwa shi ne bayan an kai amfanin gona gida, kafin a saki dabbobi su tattake alamun, sa'ad da jinka da gamba da aka dasa a kan iyaka suna nan tsaye ana ganinsu.