Daga Zuru Zuwa Argungu, Sannu Sannu

Ɗana, an ce mini kana shirin ɗaukar iyalinka ku zaga ƙasar Kabi kafin yara su koma makaranta a watan Satumba. Na ji daɗi ƙwarai. Tafiya mabuɗin ilimi ce. Sai dai na ji wai kwana ɗaya ka ware: ku fita da asuba, ku ɗauki hoto a bakin kogin Matan Fada a Argungu, ku juyo. Zauna mu yi magana. Ba faɗa zan yi maka ba.

Sauri ya haifi nawa. In ka yi yadda ka tsara, abin da yaran za su dawo da shi a ransu shi ne ƙeyar babansu da ciwon baya. Ka ba tafiyar nan kwana huɗu ko biyar. Ranar farko ma kada ka bar gari.

I, Zuru nake nufi. A nan aka yanke maka cibiya, amma 'ya'yanka sun taɓa shiga gidan tarihin garin nan? Kai su. Su ga abin da kakanni suka bari. Ka ba su labarin matan Lelna, waɗanda Hausawa ke kira Dakarkari, da suke gina siffofi da yumɓu a ɗora kan kabarin babban manomi ko maharbi ko ɗan kokawar da ya yi suna. Da yawa daga cikin kayan nan an kwashe su da dare, an sayar wa 'yan kasuwar kayan tarihi, yau suna ƙasashen Turai. Saboda haka in wani ya ja ka gefe ya ce yana da tsohon kaya mai araha, ka yi masa godiya ka wuce. Duk wanda ya saya, shi ne ya aiki ɓarawon gobe.

Daga nan ku je Girmace, wurin kadojin nan da mutane suke girmamawa. Mu a ƙasar Zuru da Musulmi da Kirista da mai al'adar gargajiya sau da yawa tsatso ɗaya ne, wani lokaci ma gida ɗaya. Ba wanda ya ce ka yarda da abin da ba ka yarda da shi ba. Amma ka hana yara jifa, ka hana su dariyar reni, kuma ka riƙe hannun ƙaramin, don kada bai san ɗan gari ba. Yaron da ya ga ubansa ya tsaya da ladabi a wurin da wasu ke darajawa, ya koyi zaman duniya ba tare da an buɗe masa littafi ba.

Kada su sa ran ganin bikin Uhola yanzu. Wannan sai an kawar da amfanin gona. Abin da damina za ta nuna musu shi ne dawa ta yi kai, duwatsu sun yi kore shar, mutane duƙe a gona. Nan ne za ka faɗa musu golmo, yadda saurayi da abokansa ke yi wa surukai noma shekara da shekaru, har bakwai a al'adar da, kafin a ba shi mata. Wasu na cewa wannan juriya ce ta sa ƙasarmu ta cika gidan soja, har ta fitar da irin su Janar Ishaya Bamaiyi da marigayi Sarkin Zuru Muhammadu Sani Sami Gomo na biyu. Ka lura da fuskar babban ɗanka in ka kai wurin shekara bakwai ɗin nan.

To, sai hanya. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka kai mota wurin bakanike tun da sauran kwanaki, ya duba birki da tayoyi da fitilu da abin goge gilashi. Ka tabbata safaya tana da iska. Ka cika tanki. Lokacin marka ne, ruwa kan cinye gefen kwalbati cikin dare ɗaya. In ka tarar ruwa na gudu a kan hanya, tsaya. Jiran awa biyu bai taɓa kashe kowa ba.

Akwai kuma maganar da ba na son yi, amma dole. Ka san halin da ƙasarmu ta shiga da 'yan bindiga a shekarun nan. Da safe ka biya tasha ka gaisa da direbobin haya. Su ne ke kwana su tashi a kan hanyar, sun fi rediyo sanin abin da ya faru jiya. Matambayi ba ya ɓata. In suka ce a dakata, ka dakata, ko da yara za su yi kuka. La'asar ta same ka a masauki. Ɓangaren Ribah da Wasagu da Bena kuwa, ka bar shi sai Allah ya kawo sauƙi.

Ku bi ta Dabai ku nufi Mahuta, hedikwatar Fakai. Ƙananan garuruwan nan su ne tafiyar, ɗana, ba Argungu kaɗai ba. Ka tsaya. Ka kashe mota, ka fito, ka yi sallama ga dattawan da ke gindin bishiya. Kada ka zuge gilashi ka yi tambaya daga zaune. Mutumin ƙauye zai amsa maka, amma rabin amsa zai ba ka. In ka sauko ka tambayi gida da gona da ruwan bana, shi da kansa zai ce maka ga inda hanya ta lalace a gaba, ga kuma matar da ta fi kowa iya miya a garin.

Bari in daɗe a kan abinci, don nan ne matafiya ke tafka kuskure. Na san maiɗakinka, Allah ya yi mata albarka, za ta cika kula da soyayyen nama da shinkafa. Ba laifi, a ɗauka saboda ƙananan. Amma in kun ci guzurin gida tun daga Zuru har Argungu, to bakinku bai yi tafiyar ba. Ka duba rumfar da motocin haya suka yi layi a gabanta. Direba ba ya komawa inda cikinsa ya taɓa ɓaci. Ka duba ko tukunya na kan wuta, ko tururi na tashi in an buɗe. Tuwon dawa da miyar ɗanyar kuɓewa, yanzu ne lokacinsa. Ga yakuwa sabuwa. Ga kwaɗon rama da ƙuli. A bakin hanya za ku ga masara kan garwashi da dafaffiyar gyaɗa. Ku ci da zafinsu. Ruwan sha ne kawai zan ce ku riƙe naku, domin damina ita ce lokacin amai da gudawa, kuma cikin yaro ba ya jure abin da naka zai jure.

In an kawo abinci bai yi maka ba, kada ka yatsine fuska a gaban mai shi. Ci abin da za ka iya, ka biya, ka ce an gode. Kuma don Allah kada ka tsaya ciniki da tsohuwa a kan masara biyu. Abin da za ka rage ba zai sayi ko kofin fetur ba, ita kuwa kuɗin gishirinta ne. Hoto ma sai ka nemi izini. Mutane ba duwatsu ba ne.

A Koko za ku hau babban titi. Ku fara yin kudu zuwa Yelwan Yawuri ku kwana. Yaran su ga kogin Kwara cike da ruwa. Ka gaya musu cewa da aka gama madatsar Kainji a 1968, ruwa ya hau tsibirai da garuruwa, aka tashi dubban mutane, ciki har da Gungawa, aka sake musu mazauni. Wutar lantarkin da suke gani, akwai waɗanda suka biya ta da kufan iyayensu. Ku ci kifi a can, ɗanye da banda. Yara za su roƙe ka shiga jirgi. In ba rigar kariya, ko ka ga an yi lodi ya wuce kima, ka ce a'a. Ba mu manta da jirgin da ya nutse kusa da Warra a watan Mayun 2021 ba.

Kashegari ku juyo arewa, ta Maiyama da Jega da Kalgo, ku shiga Birnin Kebbi, wadda ta zama babban birnin jiha tun 1991. In akwai sarari, daga Jega ana iya ratsewa Gwandu a ziyarci hubbaren Malam Abdullahi ɗan Fodiyo. In babu, wata rana.

A Argungu ba za ku tarar da bikin kamun kifi ba, na rani ne. Za dai ku ga fadama shimfiɗe da shinkafa, da Matan Fada babu hayaniya. Ainihin abin da ya kai ku shi ne gidan tarihin Kanta. Tsohuwar fadar sarakunan Kabi ce, sun zauna ciki har 1942, aka mai da ita gidan tarihi a 1958. An sa mata sunan Muhammadu Kanta, wanda ya kafa daular Kabi a ƙarni na 16 ya zauna a Surame. Akwai masu da takubba da kwari da baka, da tambura, da kayan kamun kifi. Akwai kuma kaburburan sarakuna, don haka a sassauta murya. Ka bar mai yi muku jagora ya yi maganarsa, kada ka riƙa katse shi da abin da ka karanta a waya. Ka tambaye shi yadda ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934 ta rufe tsohuwar gaba tsakanin Kabi da Sakkwato, har bikin ya samo asali. In yara suka yi tambayar da ta ba ka kunya, ƙyale su, ya saba. Da za ku fita ka sa masa wani abu a hannu.

Ku dawo da sauran kwana biyu kafin a buɗe makaranta, su huta, a wanke kaya. Kada ka manta da tsarabar maƙwabtan da suka duba maka gida. Ni kuwa bandar kifin Yawuri ta ishe ni, amma ka zaɓo mai laushi, ka san haƙoran kawunka sun yi ritaya. Ka gaida maiɗakinka da yaran. Allah ya kiyaye hanya.