Ki Shinshina Kwakwar Nan Kafin Ki Zuba

Sana'ata kayan fulawa da kayan gara, kuma ina koyar da mata girki a tsakar gidana a nan Kano. Cikin duk kayan da ke ratsa hannuna, fulawa da sukari da bota da madara, babu wanda ya taɓa jawo mini asara irin wadda gogaggiyar kwakwa ta jawo mini a rana ɗaya.

Cikin bazara ne, lokacin da zafi ke sa mutum ya rasa inda zai sa kansa. An ba ni aikin garar wata amarya, har da kwakumeti da cincin mai kwakwa. Lokaci ya ƙure, sai na aiki yaro wani shago ya sayo mini busasshiyar kwakwa, irin wadda ake ɗiba daga buhu a ƙulla a farar leda. Fara ce tas, ba ƙwaro, ba datti. Na zazzage ta cikin kwaɓin nan ba tare da na kai ta hanci ba. Sai da aka soya kashin farko, yarinyar da ke taya ni aiki ta ɗauki guda ta tauna, ta dube ni ta ce, "Anti, wannan kamar an sa masa sabulu." Na ɗanɗana. Gaskiyarta ne. Ga ɗanɗanon sabulu, ga maƙaƙi a maƙogwaro. Kwaɓin nan gaba ɗaya muka zubar, muka kwana muna sake wani, domin ba a kai wa dangin miji abin da za a yi ta zancensa shekara da shekaru.

Daga ranar na fara bin diddigin abin da ya faru, kuma abin da na gano shi ne abin da nake fara gaya wa duk ɗalibar da ta zauna a gabana: kwakwa mai ce. Idonki yana ganin farin abu kamar garin rogo, amma busasshiyar kwakwa ta gaske, kashi 60 cikin 100 na nauyinta ko fiye da haka duk mai ne. Kusan rabin man nan wani nau'i ne da ake kira lorik asid, wanda shi ne ya sa masu haɗa sabulu suke son man kwakwa. Idan laima da zafi suka samu kwakwar da aka goga, man yakan fara warwarewa, wannan sinadari ya fito fili, shi ne harshe ke ji kamar sabulu. Man kwakwa kuma yana narkewa da zarar zafi ya kai wajen digiri 24. A hunturu kikan gan shi ya daskare a kwalba, amma daga Maris zuwa Mayu a garin nan, buhun da ke jingine a shago cikin narkakken mai yake dare da rana. Babu sukari ko turaren girki da zai ɓoye wannan lalacewa. Wuta ma ƙara fito da ita take yi.

Kwakwa ba 'yar ƙasarmu ba ce, shi ya sa nake ganin ba mu gaji sanin halinta ba kamar yadda muka gaji sanin gyaɗa ko riɗi. Tsohuwa tana murza gyaɗa ta san ta bara ce ko ta bana. Ita kuwa wannan, iyayenmu kwakwar Attagara suke ce mata, don bambanta ta da kwakwar manja, kuma sunan kansa ya nuna ta kudu ta biyo kafin ta iso mu. Bishiyar gaɓar teku ce. A Najeriya yankin Badagry a Jihar Legas ne ya yi suna wajen nomanta, ana kuma samun ta sosai a gaɓar Ghana. Busasshiyar da muke gani a fakiti kuwa, mafi yawanta daga ƙasashe irin su Filifin da Indonesiya da Sri Lanka take fitowa. Ki lissafa tafiyar jirgin ruwa, da zaman tashar jirgi, da tafiyar mota zuwa arewa, da zaman sito, kafin ta zo hannun mai shagon unguwarku.

Abin da muke kira gogaggiyar kwakwa a baki ɗaya, a aiki kala-kala ne, kuma a nan ake yawan cutar mai saye. Akwai ɗanya, wadda aka fasa aka goga yanzu, tana da ruwanta da ƙamshinta. Akwai busasshiya, wadda aka busar a masana'anta har laimarta ta koma abin da bai wuce kashi 3 ko 4 cikin 100 ba. Akwai mai sukari, irin wadda Amurkawa suke amfani da ita a kek, mai laushi da ɗan danƙo. Sannan akwai wadda ta fi ba ni haushi: wadda aka riga aka tatse madararta, aka busar da dusar, aka zuba a buhu. Kamfanin da ke da gaskiya yakan rubuta "low fat" a jikinta, kuma ba laifi ba ne sayar da ita da sunanta, tana da nata amfanin. Amma da zarar an juye ta daga buhu zuwa farar leda, rubutun ya tafi, sai a sayar miki da ita a farashin mai cikakken mai. Ki kai gida ki yi kek ya fito a bushe kamar an cuɗa shi da dusar katako, ki zauna kina zargin hannunki.

Gane ta ba wuya. Ki ɗebi kaɗan ki murza da ƙarfi tsakanin babban yatsa da manuniya. Ta gaske za ta bar miki maiƙo a yatsa, ƙamshi ya tashi nan take. Tatsattsiya za ta watse kamar gari, yatsanki a bushe. Ki tauna: ta gaske tana sakin gardi, ɗayar kuwa sai ki yi ta tauna kamar tuƙar rake. Ki dubi launi kuma. Fari ake so, ko fari mai ɗan sirkin madara. Idan ta koma rawaya, ko ta dunƙule guda-guda, ko ledar ta yi naso da mai, ta kwana biyu ko laima ta shige ta. Mai shagon da ya hana ki shinshina ko ki ɗanɗana, ki bar masa kayansa.

Idan ta fakiti ce, ki karanta bayanta. Ki duba ranar lalacewa da lambar NAFDAC, ki duba ko an sa sukari, musamman idan akwai mai ciwon sukari a gidan, ko kuma girkin gishiri za ki yi. Na ga wadda ta dafa shinkafar kwakwa da mai sukari, ta rasa dalilin da ƙasan tukunya ya kama kafin shinkafa ta nuna. Za ki kuma iya ganin lambar E223. Sinadarin salfayit ne da ake sawa don ta riƙe farinta ta kuma daɗe. Yawancin mutane ba ya yi musu komai, amma yana iya tayar wa wasu masu asma da ciwonsu, don haka gidan da ke da mai wannan lalura a kula.

Ni dai idan da hali, guda nake saya in goga da kaina, kuma ita nake ba kowa shawara a girkin gida. Ki ɗauka ki ji nauyinta, ki girgiza kusa da kunne. Dole ki ji ruwa yana motsi sosai. Wadda ta yi shiru ko ta yi sakayau, ruwan ya tsiyaye ta wata kafa, kuma inda ruwa ya fita nan iska ta shiga. Ki duba idanun nan uku da ke kanta, su kasance a bushe, ba laima ba hunhuna. Ɗaya daga cikinsu ya fi laushi, shi za ki huda ki tsiyaye ruwan a kofi, ki kurɓa kaɗan. Ruwan ne zai fara ba ki labari: idan ya yi tsami ko yauƙi, kada ki wahalar da kanki da fasawa. Idan kin fasa kika ga naman ya yi ruwan hoda ko toka-toka, ko yana santsi, a zubar da ita duka. Kada a yanke gefen da ya ɓaci a ci sauran. Don naman ya saki ɓawo cikin sauƙi, nakan ɗora ɓarin a kan wuta kaɗan na ɗan lokaci, sannan in zura wuƙa. Matsakaiciyar kwakwa takan ba ni kofi 3 ko fiye idan na goga.

Wajen gogawa, girman ramin magogi shi ke yanke yadda abin zai fito. Kwakumeti yana son manyan ramuka, ko ma a fere da wuƙa siriri-siriri, don ya yi ƙaras-ƙaras. Kek da basbusa suna son ƙanana. Idan madara kike nema, ki markaɗa da ruwan ɗumi, domin ruwan sanyi yana daskarar da man ya manne a jikin kofin injin, ki yi asarar abin da kike nema tun farko.

Duk abin da na faɗa zuwa nan, hanci da harshe da yatsa suna kama shi. Akwai kuma wanda ba sa kamawa, kuma shi ya fi tsorata ni. Ɗanyar kwakwa da aka goga tana da ruwa da mai da ɗan zaƙi, ba ta da tsamin da zai kare ta, don haka ƙwayoyin cuta suna samun wurin zama a cikinta. A farkon 2018 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta sanar da ɓarkewar cutar salmonela a jihohi da dama, aka bi sawu aka tarar daskararriyar gogaggiyar kwakwa ce ta jawo. Daskarewa ba ta kashe wannan ƙwaya, kwantar da ita kawai take yi. A tsibirin Jaba na Indonesiya kuma akwai wani abinci da ake kira tempe bongkrek, wanda ake yi da dusar kwakwa da aka bari ta kwana tana ruɓa. Wata ƙwayar cuta takan shiga ta saki guba marar wari marar ɗanɗano, wadda dahuwa ba ta kashe ta. Mutane da yawa sun rasu ta wannan hanya, har gwamnatin ƙasar ta haramta yin sa a 1988. Ba ma yin wannan abinci a nan, amma na sha shiga ɗakin girki in tarar an tace madara da safe, an bar jiƙaƙƙiyar dusa a roba, a rufe, cikin zafi, wai za a yi amfani da ita gobe. Don Allah a daina. Dusar tana da amfani, ni ma ina zuba ta a cincin da biskit, amma ko dai a soya ta a busasshen kasko nan take har ta bushe, ko ta shiga firiza, ko a zubar.

Haka nan gogaggiyar kwakwar da ake barbaɗawa a fura da yogot ko a kan kankana da gwanda lokacin buɗa baki. Ba ta ga wuta ba, kai tsaye ciki za ta. Irin wannan a goga ta lokacin da za a ci, da hannu wankakke da magogi wankakke, don ramukan magogi suna riƙe tsohon abinci. Masu kunun aya da dabino da kwakwa sun san yadda yake saurin juyawa. Idan aka tace, a sanyaya shi nan da nan, kada a bar shi yana jiran magariba a kan tebur tun azahar. A firij, ɗanyar da aka goga ba na barin ta ta wuce kwana 2. A firiza tana yin watanni, amma da sharaɗin wuta ta tsaya. Wadda ta narke ta sake daskarewa saboda ɗauke wuta, ba na ba kowa ita ɗanya. Shi ya sa nake ƙulla ta ƙanana-ƙanana, daidai girki ɗaya. Busasshiya kuwa, da zarar an buɗe fakiti a juye ta a kwalba mai murfi, nesa da murhu da rana, kuma a sayi daidai abin da za a cinye cikin 'yan makonni. Da damina ba na shanya kwakwa a rana ko kaɗan, don kafin ta bushe hunhuna ta riga ta.

A tukunya, kuskuren da na fi gani shi ne a ɗauki busasshiya a zuba a madadin ɗanya kofi da kofi. Busasshiya tana da ƙishirwa, duk ruwan da ke cikin kwaɓi sai ta zuƙe. Nakan zuba wa kofi 1 kamar rubu'in kofi na ruwan ɗumi ko madara, in rufe minti 10 zuwa 15, ta saki jiki kafin ta shiga kwaɓi. Idan kuma ƙamshi kike so, ki ɗan soya ta ba mai, a wuta kaɗan, kina juyawa ba tsayawa. Tana fara sauya launi zuwa ruwan zuma ki juye a faranti, domin zafin kaskon kaɗai ya isa ya ƙona ta bayan kin sauke. Kwakumeti ma haka: sukari ya narke da ɗan ruwa, a zuba kwakwa, a yi ta juyawa har ruwan ya ƙone, launi ya fara shiga. A nan ne ba a amsa sallama ba a ɗaga waya.

Shinkafar kwakwa kuwa, tata biyu nake yi. Ta farko da ruwan ɗumi kaɗan, tana fitowa da kauri, in ajiye ta gefe. Ta biyu in ƙara ruwa a kan dusar in sake matsewa, da wannan nake dafa shinkafar. Mai kaurin sai shinkafa ta kusa tsotsewa nake zubawa, in rage wuta, domin tafasa mai ƙarfi tana tsinka ta, mai ya hau sama, ƙamshin ya bi tururi. Busasshiya mai cikakken mai ita ma tana ba da madara idan aka jiƙa ta a ruwan zafi aka markaɗa, ko da yake ba ta kai ɗanya gardi ba. Tatsattsiyar nan kuwa, ko kwana ta yi a jiƙe, farin ruwa kawai za ki tace.