Yadda Ake Ƙididdige Shan Miyagun Ƙwayoyi a Ƙasashen Duniya

Abin da aka haramta ba a yin sa a bainar jama'a, don haka ƙidayar masu yin sa aiki ne mai wuyar sha'ani. Tun 1997 ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda ke birnin Biyana, yake fitar da rahoto kan wannan lamari, kuma galibin alƙalumansa daga amsoshin da gwamnatoci kan aika masa suke fitowa.

To, ina gwamnatocin ke samo nasu? Mafi sauƙi shi ne lissafin kayan da aka kama, watau abin da jami'an kwastan da hukumomi irin su NDLEA, wadda aka kafa a 1989, suka ƙwace. Amma wannan ma'auni yana da rauni, domin yawan kame yana iya nuna ƙwazon jami'ai ne kurum. Ƙasar da ta yi sakaci sai ta fito tamkar tsarkakakkiya.

Hanya ta biyu ita ce bin gidaje ana tambaya. Binciken da aka yi a Nijeriya, aka bayyana a farkon 2019, ya nuna mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun sha wata ƙwaya a shekarar da ta gabaci tambayar. Miliyan 10.6 daga cikinsu tabar wiwi suka sha, kuma ɗaya cikin kowane huɗu mace ce. Sai dai wa zai amsa laifi a zauren mahaifinsa? Shi ya sa masu binciken suka nemi mashaya sama da 9,000 a wuraren da suke taruwa.

A Turai kuwa, tun 2011 ake gwada ruwan bahaya na birane, tunda fitsari ba ya ƙarya. Wannan dabara tana buƙatar magudana guda da ke haɗa gari, abin da unguwannin da suka dogara da masai ba su da shi.

Akwai kuma matsalar harshe, wadda ta fi shafar ɗalibin Hausa. Takardar tambaya sunan asibiti take kira, matashi kuwa sara yake amfani da ita: sholisho, roci, benalin, kuma sunayen kan sauya da zarar hukuma ta gane su. Mai tambayar da bai san sarar unguwa ba zai rubuta "a'a" inda amsar gaskiya "i" ce, wannan "a'a" ɗin kuma ita za ta isa Biyana.