Gwajin Jini Idan Mura Ta Sauka Ƙirji

Mura mai tsanani, irin ta korona da ta shigo Kano a watan Afrilun 2020, takan bar alama a jini kafin jiki ya gama nunawa. Likitoci sukan fara duba fararen ƙwayoyin jini masu suna limfosait. Idan suka ragu sosai, cutar na iya ƙamari. Hauhawar sinadarin CRP a jini kuma alamar kumburi ce a cikin jiki. Wanda aka fi sa wa ido shi ne D-dimer, domin yana nuna jini ya fara daskarewa a jijiyoyi, har gudansa ya toshe jijiyar jini ta huhu.

Sai dai takardar sakamako ba hukunci ba ce. Zazzaɓin cizon sauro yana ɗaga CRP, juna biyu da sikila suna ɗaga D-dimer. Saboda haka duk wanda ya yi gwaji a ɗakunan gwajin Titin Ibrahim Taiwo ko na Sabon Gari, kada ya miƙa takardar ga mai kemis ya fassara masa. Likita ne zai haɗa ta da numfashi, shekaru da ciwon suga.

Mai haki, ko wanda leɓensa ya canza launi, a garzaya da shi asibiti, kada a tsaya jiran sakamako.