Kafin Ki Tafi Legas

'Yata, na ji an ba ki ranar ganawa a ƙaramin ofishin jakadancin Amurka da ke Legas. Barka, Allah Ya sa a je a sa'a. Nasihar zaman aure iyayenki mata sun riga sun yi miki ita daren da aka kai ki ɗaki, ba zan maimaita ba. Tawa a kan 'yan mintocin da za ki tsaya ne gaban baƙon da bai san ki ba, bai san gidanku ba, wanda kuma sai ya gamsu cewa aurenki aure ne kafin ya ba ki izinin bin mijinki. Na san za ki nuna wa ƙawayenki masu irin wannan jira, saboda haka zan taɓo har abin da bai shafe ki ba.

Maganar da zafi, na sani. An tara jama'a a masallaci, an biya sadaki lakadan, an raba goro da alawa, maroƙi ya yi shela har unguwa ta ɗauka, sannan wani ya ce sai kin kawo hujja. Kada ki ɗauke shi cin fuska. Mutanen nan sun daɗe suna fama da masu auren takarda, waɗanda ake biya kuɗi su sa hannu a rajista, kowa ya kama gabansa. Tun 1986 majalisar dokokinsu ta yi doka ta musamman a kan haka: ɗaurin da zai iya kaiwa shekara 5, da tarar da za ta iya kaiwa dala 250,000. Wanda kuma aka tabbatar ya taɓa yin auren bogi don neman takarda, ba a sake amincewa da buƙatar da wani zai shigar masa, ko da daga baya ya yi auren Allah da Annabi. Jami'in da ke bayan gilashi da wannan dokar yake aiki, kuma bai san ko ke wace ce ba sai abin da kika gaya masa da abin da ke cikin fayil.

Abin da yake nema bai da yawa. Tun 1975, a wata shari'a da ake kira ta Bark, wata kotun ɗaukaka ƙara ta Amurka ta ce ma'aunin shi ne: lokacin da aka ɗaura auren, shin ango da amarya sun yi niyyar kafa rayuwa tare? Ba a ce sai kun yi soyayyar fim ba. Ba a ce sai kun shekara uku kuna zance ba. Auren haɗi, muddin da yardar ma'auratan, aure ne a wurinsu. To in baffanki ne ya ga yaro mai hankali ya ce a ba shi ke, haka za ki faɗa. Kada wani ya koya miki cewa kun haɗu a Facebook kun yi ta hira har zuciya ta kamu, alhali mijinki ya riga ya rubuta musu wani labarin daban lokacin da ya cike fom ɗin I-130.

Abin da ya fi damu na game da ke, 'yata, kunyarki ce, kuma mu muka koya miki ita. Mun ce kada ki kalli babba ido cikin ido. Mun ce mace mai tarbiyya ba ta kama sunan miji. Mun ce in an yi miki maganarsa ki sunkuyar da kai. A tsakar gidan surukai wannan ado ne, kuma ina alfahari da ke a kansa. Amma ki ɗan hango abin daga inda jami'in yake zaune. Ya sa yarinya ta ɗaga hannu ta yi rantsuwa, ya ɗauki hoton yatsunta, sannan ya ce, "Mene ne sunan mijinki?" Sai ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta dubi ƙasa, ta yi wani ɗan murmushi, can ƙasa-ƙasa ta ce, "Maigida." Ya sake tambaya, ta ce, "Abban yara." Mu da muka san gida mun gane yarinyar kirki ce. Shi kuwa abin da ya gani shi ne mace da aka tambaye ta sunan mijinta sau biyu ta kasa faɗa, tana kuma kauce wa idonsa. Ran nan ki ɗaga kai. Ki faɗi sunan cikakke, yadda yake a fasfo, da murya mai fita, domin ta gilashi ake magana kuma bayanki cike yake da mutane. Ba za a rubuta miki zunubi ba, kuma surukarki ba ta wurin.

Akwai wata kunyar da ta fi wannan ɓarna, ita ce ta rashin tambaya. A wurinmu amaryar da ta tambayi miji nawa yake samu, sai a ce idonta ya buɗe. Sai ki ga mace ta shekara biyu da aure, tana son mijinta yana son ta, amma iyakar saninta shi ne "yana Amurka, yana aiki." Wane gari? Wane aiki? Da wa yake zaune? Shiru. Alhali duk wannan yana gaban jami'in a rubuce, domin mijinki ya cike fom ɗin ɗaukar nauyi, I-864, ya haɗa da takardun harajinsa, don ya nuna samunsa ya kai aƙalla kashi 125 cikin ɗari na ma'aunin talaucin da gwamnatinsu take fitarwa kowace shekara. Baƙo ya san albashin mijinki, ke ba ki sani ba. Ki ce ya turo miki kwafin duk abin da ya shigar, ki zauna ki karanta. In a gida ana ce masa injiniya, a can kuwa tuƙin Uber yake yi ko aikin dare a gidan kula da tsofaffi, ki san gaskiyar ki faɗe ta ba tare da jin nauyi ba. Halal ɗinsa yake nema, da ita kuma ya yi miki lefe.

Ban ce ki yi hadda ba. Wanda ya haddace amsa, da an juya tambayar sai ya ruɗe. Hirar daren da kuke yi ta WhatsApp, ki rage "ka ci abinci?" ki ƙara wasu. Gidan naka hawa na nawa ne? Ɗaki nawa? Kai kaɗai ne ko akwai abokin haya? Wace rana kake hutu? Ina kake sallar Juma'a, a unguwarku ko sai ka shiga jirgin ƙasa? Wa ya tarbe ka ranar da ka fara sauka? Mazanmu da yawa a can suna cikin kaɗaici, ba mai tambayarsu irin wannan. Za ki yi mamakin yadda bakinsa zai buɗe. Abin da ya shiga kunnenki ta hira ba ya ɓacewa don an tsare ki da ido.

Sai maganar ɗaurin aure, inda al'adarmu da dokarsu suka fi saɓawa. Mu waliyyi ne yake bayarwa, wakili ya karɓa. Amarya tana cikin gida da ƙawayenta, sau da yawa ma ango yana wata ƙasa, sai dai a buga masa waya a ce an shafa fatiha. Dokar shige da ficen Amurka ta ce auren da aka ƙulla ba tare da ma'auratan suna wuri ɗaya a gaban juna ba, ba ta lissafa shi sai in bayan ɗaurin sun haɗu sun zama miji da mata. Haɗuwar da aka yi kafin ɗaurin aure ba ta shiga lissafi. Ke naki ya zo, kin tare, kun yi watanni, alhamdu lillahi. Amma ki riƙe shaidar zuwan nasa: kwafin shafin fasfonsa mai hatimin shiga da fita, tikitin jirgi, hotunanku a ɗakinki. In aka ce me ya sa ba a gan ki a hoton masallaci ba, ki yi bayani a natse: a garinmu maza ne suke halartar ɗaurin aure, ga ni nan a kamu, ga ni a sa lalle, ga ranar kai amarya, ga buɗar kai. Jimla biyu sun isa. Wadda kuma ɗan baffanta ko ɗan gwaggonta ta aura, kada ta ɓoye zumuncin, amma mijin ya tuntuɓi lauya tun da wuri, don jihohin Amurka sun bambanta a kan auren 'yan'uwa na kusa, kuma ana duba dokar jihar da za su zauna.

Yanzu ki matso, wannan ba ta da daɗin ji. Amurka ba ta san mace ta biyu ba. In mutum yana da uwargida da igiyarta a kansa, ko tana Kano ko tana Maradi, to ita kaɗai dokarsu ta sani, amarya ba ta da biza ta wannan hanya. Wanda ya taɓa aure ya rabu, sai ya kawo shaidar mutuwar kowane aure. Takardar sakin da aka rubuta a fallen littafin makaranta aka ba yaro ya kai, a addini ta yi aiki, amma su takardar kotu suke son gani, don haka a je kotu a tabbatar da sakin. Kuma ki tambayi mijinki, cikin ladabi, yadda shi kansa ya sami takardunsa. In ta hanyar auren wata Ba'amurkiya ne, ki san sunanta, ki san shekarar da suka yi aure da wadda suka rabu, domin za a iya tambayarki. Wanda katin zama kawai yake da shi, kuma ta aure ya same shi, in bai cika shekara 5 da samu ba ya nemi kawo sabuwar mata, sai ya kawo hujja mai ƙarfi cewa auren farkon na gaskiya ne. 'Ya'yansa na wata matar, ki san sunayensu da shekarunsu. In wani ya ce miki "ki ce ba ki san yana da yara ba, zai fi sauƙi," ki toshe kunne. Ramin ƙarya ƙurarre ne, a nan kuwa ƙarya guda a kan abin da ya shafi bizar tana iya jawo haramcin shiga ƙasar har ƙarshen rayuwa. Ƙarancin hujja ana gyara shi da ƙarin takarda. Wannan kuwa da wuya ya gyaru.

Takardu ba zan daɗe a kansu ba, an turo miki jerinsu. Ki tafi da na asali. Ki je asibitin da suka ayyana, ba wanda kika saba ba. Shaidar auren da liman ya rubuta da Larabci ko ajami a yi mata fassarar Turanci mai sa hannun mai fassara. Abu ɗaya da mutanenmu suke tuntuɓe a kansa: ki baje fasfo da takardar haihuwa da shaidar aure a kan tabarma, ki bi su harafi harafi. Muhammad a nan, Mohammed a can. Sunan mahaifi a wannan, sunan gari a waccan. Ranar haihuwar da aka rage don jarrabawa. In akwai saɓani a gyara ta hanyar hukuma kafin ranar. In kun sake zuwa rajista bayan ɗaurin auren masallaci, ranaku biyu ke nan, ki san kowace da abin da aka yi a cikinta.

Hotuna kuwa, guda ashirin na lokuta daban-daban sun fi ɗari na yini ɗaya. Kar ku shiga situdiyo ku sauya kaya kala biyar a gaban labule ɗaya, an san wannan dabarar. Hoton da kike zuba wa mahaifiyarsa ruwan alwala, ko wanda kuka ɗauka ranar Sallah da ƙannensa sun cika tabarma, ya fi su magana. Ki haɗa da rasit na kuɗin cefanen da yake turowa da ɗan samfurin kiran wayarku na watanni. Masu kiran kansu ejan da za su tare ki da cewa sun san wani a ciki, ko su sayar miki da takardar tambayoyi da amsoshi, ki gaishe su ki wuce.

In ba ki ji tambaya ba, ki ce a maimaita. In ba ki san amsa ba, ki ce ba ki sani ba, wannan ma amsa ce, kuma ta fi kame-kame. Ba wanda zai hana ki biza don kin manta lambar gidan da ba ki taɓa shiga ba. In Turancin yana ba ki wahala, ki binciki ƙa'idar ofishin game da tafinta tun kafin ki hau mota. Ki amsa abin da aka tambaye ki, ki tsaya.

Wataƙila a miƙo miki takarda mai lamba 221(g). Kada ki fito kina kuka a titi. Yawanci ma'anarta akwai abin da ya rage, ko takardar da za ki kawo ko binciken da za su ƙarasa. Ki karanta abin da aka nema, ki aika. Ki kuma sani ƙofar tana buɗewa tana rufewa da sauyin gwamnati: a 2020 an dakatar da ba 'yan Najeriya bizar zama, a 2021 aka ɗage. Irin wannan in ya faɗo, ba aurenki aka tuhuma ba.

Kai kuma ɗana, na san za a karanta maka. In matarka ta sauka aurenku bai cika shekara 2 ba, katin wucin gadi na shekara 2 za a ba ta, kuma cikin kwana 90 na ƙarshensa sai kun shigar da fom ɗin I-751 tare, ku sake nuna kuna zaune a matsayin miji da mata. A cikin ƙasar, in suka yi shakka, suna iya raba ku ɗaki daban-daban su yi muku tambayoyi iri ɗaya su gwada amsoshin. Saboda haka daga makon farko ka sa sunanta a takardar haya, ka buɗe asusun banki da sunanku biyu, ka shigar da ita inshorar lafiyarka, ku cike haraji tare. Fasfonta da katinta su zauna a hannunta. Ke kuma 'yata, ba na yi muku fatan haka, amma ki sani dokar ƙasar ta ba matar da ake cutarwa damar neman katinta na dindindin ita kaɗai, ba sai da sa hannun miji ba. Na faɗa a gabansa ne don kowa ya ji.

Ki isa Legas da kwana ɗaya ko biyu a hannu, ki kwana kusa da Victoria Island saboda cunkoson gada da safe. Ba a shiga da waya, ki bar ta wurin wanda ya raka ki. Ki karya kumallo kafin ki fita, layin yana da tsawo.